RA'AYINMU: Takardar taki ta kai gona, ta haya fa?

A 'yan kwanakin nan tambaya ɗaya ta yawaita a bakin 'yan'uwa mazauna Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke kewaye da aikin noman rani na Kadawa, wato ko gaskiya ne gwamnati tana ba da wata takarda wadda talaka zai kai wa mai gida a rage masa kuɗin haya. Wasu a rediyo suka ji, wasu a waya suka gani, wasu kuwa 'ya'yansu 'yan makaranta suka kawo musu labarin. Amsarmu a fili take. Irin wannan takarda tana nan a Amurka, amma babu ita a Jihar Kano, Gwamnatin Tarayya ma ba ta da wannan tsari. Saboda haka duk wanda ya tare ku a bakin kasuwa ko a ƙofar majami'a da fom a hannu, ya ce ku kawo dubu biyu ko dubu biyar a sa sunanku cikin masu samun tallafin haya, to ɓarawo ne, ko da kuwa takardar tasa tana ɗauke da hatimi da tutar Nijeriya.

Amma ba za mu tsaya a nan ba, gama tambayar ba ta fito a banza ba. Mutum ba ya gaskata irin wannan labari sai abin ya dame shi.

Mutanen birni sukan ɗauka cewa haya matsalar Sabon Gari ce da Fagge da Brigade, kowa a karkara yana gidan ubansa. Wanda ya san ƙasar Kura ya san ba haka ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, yankin ya zama wurin da ake noma damina da rani. An tsara kashi na farko na aikin a kan hekta 22,000, kuma tun 1976 yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Aikin ya ta da dubban mutane daga gidajen kakanninsu, an mai da su sababbin matsugunai, ya kuma jawo waɗansu dubbai daga nesa. Akwai masu dashen shinkafa da masu yankanta, akwai masu tsinkar tumatir da masu dakon kwanduna a Kwanar Gafan, akwai masu aiki a injinan shinkafa na cikin Kura da matan da ke turara ta suna shanyawa. Sai kuma malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da makanikai da direbobi waɗanda aiki ya kawo su. Wasu daga Jigawa suka zo, wasu daga Katsina da Bauci, wasu daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, wasu daga Jamhuriyar Nijar. Waɗannan duka ba su da gado a garin. Ɗakin wani suke kwana, su biya.

Abin da ke karya ƙashin bayan mai haya ba yawan kuɗin kaɗai ba ne, yadda ake karɓarsa ne. Ɗan ƙwadago kullum-kullum ake biyansa, ko kuwa jinga, a gama a sallame shi. Mai gida kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, kafin a ba da makulli, ga na dillali a kai. Mutumin da samunsa yake zuwa kamar ɗigon ruwa, an ce ya cika tulu rana ɗaya. Sai ya sayar da akuyar matarsa, ko ya karɓi bashi a hannun mai gonar da yake wa aiki, daga nan kuma ba shi da bakin cewa kuɗin aikin ya yi kaɗan. In shekara ta zo da masifa, kamar 2016 da tsutsa ta cinye tumatir a ƙasar Kano, mai gona ya yi asara amma yana da inda zai kwanta, ɗan ƙwadago kuwa ya rasa aiki ya kuma rasa ɗaki lokaci guda. Gwauruwar da mijinta ya rasu a tsakiyar shekarar haya ita ta fi kowa sanin abin da muke faɗa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, siminti da kwano da katako suka yi tashin gwauron zabo, masu gidaje suka bi bayansu. Ba mu ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin da yawansu su ma talakawa ne da suka raba gidan gado suka fitar da ɗaki biyu ko uku don su sami na cefane.

To, me gwamnatoci suka yi? Sun yi, ba za a ce ba su yi ba, sai dai ba domin wannan mutum ba.

Shugaba Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 da alkawarin gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara. Har sojoji suka kifar da gwamnatinsa a ƙarshen 1983, abin da aka gina bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, wasu ma an gina su can bayan gari inda babu ruwa babu hanya. A 1991 aka fito da manufar gidaje ta ƙasa da taken gida ga kowa kafin shekara ta 2000. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, domin wata rana Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance da ruwa kashi shida cikin ɗari, ya biya cikin shekaru har talatin. Tsari ne mai kyau a takarda, amma yana neman mai samu tabbatacce kowane wata da takardar mallakar fili wadda banki zai yarda da ita. Mai dashen shinkafa ba shi da ko ɗaya. A nan Kano, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Duk wanda ya hau mota daga Kura zuwa birni ta hanyar Zariya ya ga biyu daga cikinsu, ya kuma san yadda gidaje da yawa suka yi shekaru a rufe babu kowa ciki. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara wani sabon rukunin gidaje a Janguza. Dukan waɗannan gidajen sayarwa ne, da farashin miliyoyin Naira. Ko ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024 zai daɗe yana kallonsu ta tagar mota.

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin ganin kowane ɗan ƙasa ya sami matsuguni mai dacewa. Sai dai sashen yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Shi ya sa yake kwance lafiya.

Yanzu bari mu duba wannan takarda ta Amurka, domin masu karatu su san ainihinta. A 1974, shekarar da aka gama Tiga ke nan, majalisarsu ta yi dokar da ta kawo tsarin da suke kira Sashe na Takwas. Tunanin da ke bayansa shi ne, maimakon gwamnati ta yi ta gina gidaje tana tara talakawa wuri ɗaya, gara ta bar mutum ya nemi gidan haya da kansa a hannun masu gidaje, ita kuma ta cika masa abin da ya gaza. Iyali za su kai kansu ofishin gidaje na garinsu, a duba samunsu. In sun cancanta, aka kuma kai kansu a layi, sai a ba su takarda da wa'adin aƙalla kwana 60 su sami gida. Jami'i zai zo ya duba gidan, ko akwai ruwa da wuta da makewayi, ko rufi yana yoyo. In ya amince, mai haya zai riƙa biyan kimanin kashi 30 cikin ɗari na samunsa, ofis ya biya sauran kai tsaye ga mai gida kowane wata. Mu kwatanta da kuɗinmu. A ce ɗaki N6,000 ne a wata, gwauruwa kuma tana samun N10,000 a wata daga turarar shinkafa. Ita za ta ba da N3,000, hukuma ta ba mai gida N3,000. In samunta ya ragu, kasonta ya ragu. In ya ƙaru, ya ƙaru. Kuɗin ba ya bi ta hannunta, balle wani ya ce ta kashe a biki.

Kada wani ya ɗauka can ɗin aljanna ce. Iyalai fiye da miliyan biyu ne ke riƙe da wannan takarda, amma cikin iyalai huɗu da suka cancanci tallafin haya a Amurka, kusan ɗaya ne kawai yake samu, domin kuɗin da majalisa ke warewa ba ya isa. Wanda ya samu ma, sau da yawa sai ya yi shekara biyu ko fiye yana jira, a wasu biranen kuwa an rufe rajistar shekara da shekaru. Akwai masu gidajen da ke juya baya da zarar sun ga takardar, har wa'adin mutum ya ƙare bai sami wuri ba. In ƙasa mai wannan arziki tana fama haka, wanda ya ce muku za a yi a nan cikin mako biyu yana wasa da hankalinku ne.

Wani zai ce wannan abin Turawa ne, a nan ba mu da ofisoshi da takardu irin nasu. Ƙasashe matalauta ma sun gwada. Bayan girgizar ƙasa ta 2010 a Haiti, an fitar da dubban iyalai daga sansanoni ta hanyar biya musu dala 500, kuɗin hayar shekara ɗaya, a ɗakunan talakawa 'yan'uwansu. A Maiduguri ma ƙungiyoyin agaji sun biya wa waɗansu 'yan gudun hijira kuɗin haya a cikin gari. Aibin irin wannan shi ne na shekara ɗaya ne. In ta ƙare, mutum ya koma inda ya fito ko ya nemi ɗaki mafi muni.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi tana nan a gonakinmu. Manomin Kura ya san takardar tallafi, wadda ma'aikatan ofis ke kira bauca, tun kafin ya ji labarin Amurka. A 2009 Jihar Kano ta gwada raba takin zamani ta wannan hanya, ga manoma kimanin 140,000, tare da Jihar Taraba. Maimakon gwamnati ta sayi taki ta jibge a sito 'yan siyasa su raba wa yaransu, sai aka ba manoma takarda ta ragin N2,000 a kan kowane buhu, kamfa biyu da yuriya ɗaya, su je su saya a hannun dillalai. A 2012, zamanin Ministan Noma Akinwumi Adesina, aka mai da abin na ƙasa baki ɗaya, saƙo ya riƙa shigowa ta wayar hannu, manomi ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Ministan ya sha faɗa cewa a tsohon tsari kashi 11 cikin ɗari na manoma ne kawai takin gwamnati yake isa gare su. Ashe ke nan gwamnati ta iya rubuta sunan talaka, ta iya ba shi takarda, ta iya biyan ɗan kasuwa a madadinsa. In an yi wa shinkafa, ba mu ga abin da zai hana a yi wa wanda ke dasa ta ba.

Tsarin takin ya bar mana darussa, kuma ya kamata a karanta su kafin a taɓa maganar haya. A 2009 a Kano, ƙungiya ake ba takarda ɗaya, shugabanta ya karɓo ya raba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa makusantan shugaban ƙungiya sun fi sauran samun buhuna, alhali kuwa inda aka ba kowane manomi nasa a hannu ba a ga haka ba. Wannan bai ba kowa mamaki ba a ƙauye. Ma'anarsa ita ce takardar haya dole ta fito da sunan mai haya, a ba shi a hannunsa, ba ta hannun kansila ko shugaban ƙungiya ba, ba ma ta hannun fasto ko limami ba. Na biyu, tsarin waya ya durƙushe ne sa'ad da gwamnati ta riƙe wa dillalai bashin biliyoyin Naira. Dillalin taki yana iya jira wata shida yana zagi, amma mai gidan da bai ga kuɗinsa wata biyu ba, kayan mai haya zai fitar waje, sa'an nan ya gaya wa maƙwabtansa kada su karɓi mai takarda. Gwamnatin da ba ta shirya biya kan kari ba, gara kada ta fara. Kowa kuma ya tuna takin da ya riƙa isowa bayan shuka ta yi girma, da waɗanda suka riƙa sayar da rabonsu a bakin sito.

Akwai wani haɗari da babu shi a taki. Ana iya ƙaro tirelar taki daga Fatakwal cikin mako guda, amma ba a ƙaro ɗaki haka. In aka zuba takardu a gari ƙarami kamar Bunkure ba tare da an ƙara ɗakuna ba, masu gidaje za su ɗaga farashi, tallafin ya ƙare a aljihunsu, wanda bai sami takarda ba ya ƙara shiga uku. Maganin wannan shi ne a fara da kaɗan, a kuma haɗa da ƙaramin rance ga mai gidan da zai ƙara ɗaki, ya haƙa masai, ya sa kwano, bisa sharaɗin ba zai ƙara kuɗin haya ba har shekara biyu ko uku. Kuɗin gida ɗaya a Janguza zai rufa ɗakuna da yawa a Kura. Dubawar ma kada a kawo ma'aunin birni. Rufin da ba ya yoyo, bangon da ba zai faɗo wa yara a watan Agusta ba, ƙofa mai makulli, masai da ruwan sha kusa, sun isa.

Sai magana mai nauyi, wadda ta shafi da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Duk wani tallafi da aka raba a ƙasar nan, abin da ake fara tambaya shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. In aka bi wannan a tallafin haya, an kashe shi tun a ciki, gama ɗan asalin gari galibi yana da gidan gado, baƙo ne yake haya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana yankan shinkafa a Kadawa, aka haifi 'ya'yansa a nan, yana biyan kuɗin kasuwa da na tasha a nan, ba daidai ba ne a ce ya koma Kafancan ko Gumel ya nemi tallafin ɗakin da ke Kura. Ma'aunin ya zama biyu kawai: a ina kake kwana, kuma nawa kake samu. Wannan ba roƙo ba ne domin Kirista kaɗai. Ɗan ci-ranin da ya zo daga Ɓaɓura ko Damagaram yana cikin hali ɗaya, sau da yawa ma a gida ɗaya suke haya, rijiya ɗaya suke ɗiba. In za mu kai kuka gaban shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisarmu na jiha, tare ya kamata mu je.

Ba sai an fara daga kome ba. Tun 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara haɗa rajistar iyalai matalauta, wadda aka yi amfani da ita wajen biyan N5,000 a wata, daga baya kuma a 2023 aka sanar da N25,000 na wata uku. Rajistar tana da gurɓi, an sha kuka da ita, amma ita ce ƙofar da duk wani tallafi na gaba zai fi bi. Jami'ai ne ke zuwa unguwa su zauna da jama'a a fitar da sunaye, kuma ba a biyan ko kwabo. Muna shawartar kowane magidanci da kowace gwauruwa su tabbatar suna da lambar shaidar ɗan ƙasa, su kuma tambayi mai unguwa da ofishin ƙaramar hukuma ko an rubuta unguwarsu. Masu haya su ne aka fi tsallakewa a irin wannan zama, domin ba a kiransu taron gari.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. A daina haya da baki. Ko a takardar littafin makaranta ce, a rubuta sunan mai gida da na mai haya, da kuɗin, da ranar shiga, da wanda zai gyara rufi, shaidu biyu su sa hannu, a kuma karɓi rasit duk lokacin da aka biya. A yawancin jihohin ƙasar nan, in babu wata yarjejeniya dabam, mai biya wata-wata yana da haƙƙin sanarwar wata ɗaya kafin a tashe shi, mai biyan shekara kuwa wata shida, kuma kotu ce take fitar da mutum, ba mai gida da 'yan daba ba. Wanda ba shi da rasit ba ya iya nuna ko wane iri ne shi. In ma wata rana tallafin ya zo, waɗannan takardun ne za a fara nema.

Ga 'yan'uwanmu masu gidajen haya kuwa, a 2011 Jihar Legas ta yi dokar da ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya a gaba, ta kuma wajabta ba da rasit. Bai kamata mu jira majalisar Kano ta yi mana irinta ba. Wanda ke zaune benci ɗaya da mai hayarsa ran Lahadi yana iya karɓa wata-wata, ko kuwa sau biyu a shekara, bayan girbin damina da bayan na rani, lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Muna kuma roƙon dattawan kowace ikkilisiya a gundumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, tare da zumuntar mata, su zauna kafin ƙarshen wannan kaka su rubuta iyalai nawa ne ke haya a cikinsu, nawa suke biya, wane wata kuɗin ke cika, su wane ne gwauraye da tsofaffi. Da wannan lissafi za a san wanda za a ba kwasar adashe a watan da hayarsa ta ƙare, da shi kuma wakilanmu za su shiga ofishin shugaban ƙaramar hukuma.